Maganin ƙarfin maza da idona: matakan da na bi daga kemis zuwa asibitin ido

Maganar maganin ƙarfin maza a majalisa muke yin ta cikin raha, kuma kowa cewa yake wani abokinsa ne ke sha. Shi ya sa ranar da maganin ya jawo maka wata matsala sai ka rasa wanda za ka tambaya. Ni a ido ya taɓa ni, kuma sai da na yi yawo tsakanin kemis, asibitin unguwa, asibitin ido da wurin ɗaukar hoto kafin na gane abin da ke faruwa. Zan faɗi yadda aka yi daki-daki, domin wanda ya tsinci kansa a irin wannan hali ya san ƙofar da zai fara nufa, abin da zai riƙe a hannu, da abin da ya wajaba ya faɗa wa likita ko da kunya za ta kashe shi.

Shekaruna sun haura 50, a Kano nake zaune, kuma na daɗe ina fama da ciwon suga da hawan jini. Duk mai suga da ya jima da ita ya san tana cin ƙananan hanyoyin jini da jijiyoyi a hankali, kuma ɗaya daga cikin wuraren da abin ke fara bayyana shi ne shimfiɗar aure. Da na kai kuka wurin likitan da ke duba ni a asibitin masu suga, bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya tambaye ni ko ina shan maganin ciwon zuciya irin wanda ake sa wa a ƙarƙashin harshe, ko wani daga cikin dangin nitrate, domin haɗa su da wannan magani na iya faɗar da jinin mutum ƙasa warwas. Na ce a'a. Sai ya rubuta mini sildenafil mai 50mg, wato sinadarin da ke cikin Viagra, wanda kamfanin Pfizer ya fitar a Amurka a 1998 bayan tun farko an gwada shi ne a matsayin maganin ciwon ƙirji. Ya ja mini kunne cewa kada ya wuce sau ɗaya a yini. Na yi watanni ina amfani da shi jefi-jefi, ba abin da nake ji sai ɗan ciwon kai da toshewar hanci. Ana nan sai wani aminina ya kawo mini wata kwalbar haɗin zuma, ya ce na gargajiya ne zalla, saiwoyi ne da zuma, ba ruwansa da maganin Bature. A wani dare na sha ƙwayata kamar yadda na saba, na kuma bi ta da cokali biyu na zumar.

Da asuba na fita masallaci, sai na ga fitilar ƙofar masallacin ta koma shuɗi-shuɗi. Na ɗauka sun canza ƙwai ne. Da na shiga sahu, rigar mutumin da ke gabana, wadda na san fara ce, sai na gan ta kamar wankin da aka cika wa bula. Da gari ya waye hasken rana ya riƙa sukar idona, har sai da na runtse ina tafiya. Wurin da na fara zuwa shi ne kemis ɗin bakin layinmu. Yaron da ke ciki ya leƙa idon, ya ce, "Baba, ba ja a ciki, ƙila ƙura ce ko gajiya," ya ba ni wani maganin ɗigawa na ƙaiƙayin ido. Bai tambaye ni me na sha ba, kuma gaskiya ba wurin da za a yi wannan maganar ba ne, ga mata biyu a tsaye suna jiran maganin tari. Shuɗin ya tafi da kansa washegari. Abin da ya rage shi ne ya tayar mini da hankali. Ina alwala ruwa ya shiga idon dama, na rufe shi, sai na ga da idon hagu akwai wani tabo toka-toka a daidai tsakiyar duk abin da na kalla. Na dubi gefen ƙofa, wanda na san a miƙe yake, na gan shi ya lanƙwashe. Na buɗe Alƙur'ani, layukan suka karkace, baƙaƙen kuma suka yi ƙanana fiye da yadda idon dama ke ganin su. Idan idanu biyu suna buɗe, mai lafiyar yana rufa wa ɗan'uwansa asiri, shi ya sa mutum kan yi kwanaki bai lura ba.

Daga nan na wuce asibitin unguwarmu. Na yanki kati, aka auna jini da suga, duka biyun sun ɗan hau. Likitan matashi ne, sa'an babban ɗana, amma ya san aikinsa. Na faɗa masa ƙwayar da na sha da zumar, bai ko ɗaga gira ba. Ya haska idon da ƴar tocila, ya sa na rufe ido ɗaya ina ƙirga yatsunsa ta sama da ƙasa da gefe. Tambayoyinsa su ne suka fara nuna mini cewa abin ba wasa ba ne: gani ya ɗauke ne farat ɗaya? Akwai rabin da ya yi duhu, sama ko ƙasa, kamar an ja labule? Akwai zafi? Jin kunnena lafiya? Sai ya ce, "Alhaji, da kayan da nake da su a nan ba zan iya ganin bayan idonka yadda ya kamata ba. Ka ajiye ƙwayar, ka ajiye zumar, ka ajiye maganin ɗigawar nan, gobe da sassafe ka tafi asibitin ido." Ya rubuta mini takardar turawa, ya sa alamar gaggawa a kai. Wannan takarda ta yi mini rana, domin ita ta sa aka gan ni a ranar da na je, ba a ba ni wata rana ba.

Asibitin ido sammako yake so. Na isa bayan sallar asuba kaɗan, na tarar tuni benci ya cika da tsofaffi masu yanar ido da ƴan rakiyarsu, wasu daga ƙauyuka, wasu ma daga Nijar. Ana fara raba lamba, sannan a buɗe tagar kati. Buɗe fayil da ganin likita sun ci mini kusan naira 5,000 a lokacin, kuma kowane gwaji da rasidinsa daban, sai ka je ka biya ka dawo. Ka riƙe tsabar kuɗi, domin na'urar karɓar kati tana iya cewa ba sabis a daidai lokacin da layi ya zo kanka. Ɗaki na farko na gwajin gani ne. A zaunar da kai mita 6 daga allon baƙaƙe, wanda bai iya boko ba a nuna masa wata alama mai yatsu uku ya faɗi inda ta fuskanta. Idon dama ya karanta har layin 6/6, na hagu ya tsaya a 6/18, wato abin da mai lafiyar ido ke gani daga mita 18 ni sai na matso mita 6. Suka sa na leƙa ta wata ƴar huda, bai ƙaru da wani abin kirki ba, ma'aikaciyar ta ce wannan alama ce cewa matsalar ba ta tabarau ba ce kawai. Ɗaki na biyu aka auna ƙarfin ruwan ido saboda hawan jinin ido, aka ce abin da ake so tsakanin 10 ne da 21, nawa yana ciki. Aka kuma ba ni wani littafi mai ɗige-ɗigen launi da lambobi a ɓoye a ciki, na karanta da kowane ido.

Sai aka ɗiga mana maganin buɗe ƙwayar ido, aka ce mu rufe ido mu jira. Yana da ɗan yaji, kuma jiran ya kai rabin awa ko fiye, ana dawowa ana ƙara ɗigawa. Abin da ba wanda ya gaya mini tun daga gida shi ne, bayan wannan magani ba ka iya karatu ko duba waya na tsawon awa huɗu zuwa shida, hasken rana kuma ya zama azaba. Allah ya sa ɗana ne ya kawo ni a mota. Duk mai zuwa ya taho da baƙin tabarau da wanda zai mayar da shi gida, kada ya ce zai tuƙa mota ko babur da kansa.

Rakiyar ɗan nawa kuma ita ta so ta zame mini cikas. Da aka kira ni ya riƙo hannuna muka shiga tare, ya tsaya a bayana. Likitar mace ce, babba, ta duba fayil ta ce, "Alhaji, ban da maganin suga da na hawan jini, akwai wani abu da kake sha? Ko na gargajiya, ko na shafawa?" Na yi shiru. Ta ɗago ta dube ni, ta dubi yaron, sai ta ce masa, "Samari, je ka sayo wa Baba ruwa, ka jira mu a waje." Yana fita na ciro kwalin ƙwayar da kwalbar zumar daga aljihu na ajiye a kan tebur. Ta ce da ma kowa zai zo da abin da yake sha a hannu haka, da aikinsu ya ragu da rabi, domin da yawa sai an gama kashe kuɗin gwaje-gwaje sannan su faɗi gaskiya. Ta sa na ɗora haɓa a kan na'ura, ta haska wata fitila mai ƙarfi ta cikin wani ɗan gilashi, tana cewa in kalli sama, ƙasa, dama, hagu. Ta kuma duba abin da aka rubuta a fayil kafin ɗigawa game da yadda ƙwayar idon ke amsa hasken tocila, ta ce tun a ɗakin farko an duba wannan kuma lafiya lau.

Bayanin da ta yi mini shi ne ya warware mini ruɗanin. Maganin yana aiki ne ta hanyar danne wani sinadari a jiki da ake kira PDE5, sai hanyoyin jini su saki, jini ya taru inda ake so. To a tantanin bayan ido, inda hoto ke sauka, akwai ɗan'uwansa na kusa mai suna PDE6, wanda ƙwayoyin da ke karɓar haske suke aiki da shi. Sildenafil yana ɗan taɓa shi ma, shi ne dalilin ganin shuɗi, da ƙyallin haske, da hazo-hazo. Wannan yana bin yawan abin da aka sha: a kan 25mg ko 50mg mutane ƙalilan ne ke ganin haka, a kan 100mg kuwa yakan kai kusan mutum ɗaya cikin goma, kuma yana gushewa idan maganin ya fita daga jiki. Ta ce tunda na yi watanni a kan 50mg ban taɓa ganin shuɗi ba sai daren da na haɗa da zuma, ita zumar take zargi. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sha gano sildenafil da tadalafil, wanda shi ma maganin ƙarfin maza ne, a ɓoye cikin kayan da ake sayarwa da sunan na gargajiya, har a 2022 ta gargaɗi kamfanoni masu sayar da irin wannan zuma, ita ma NAFDAC ta sha jan kunne a kan irin waɗannan haɗe-haɗe. Mai sha bai san miligiram nawa ke cikin cokali ba.

Abin da ta fi tsoro, ta ce, wani ciwo ne daban da likitoci ke taƙaita sunansa da NAION, inda jini ke yankewa daga kan jijiyar da ke kai gani daga ido zuwa ƙwaƙwalwa. Shi ba zafi, ido ɗaya yake kamawa, sau da yawa mutum ya farka ne da safe ya ga rabin ganinsa, galibi na ƙasa, ya yi duhu. Har yanzu ba a samu maganin da aka tabbatar yana dawo da abin da ya tafi ba, kuma wanda ya same shi a ido ɗaya yana cikin haɗarin ya taɓa ɗayan. Tun 2005 aka sa gargaɗinsa a takardar da ke cikin kwalin Viagra da takwarorinsa Cialis da Levitra. Ba kasafai yake faruwa ba, amma waɗanda ya fi kamawa su ne masu shekaru sama da 50, masu suga, hawan jini, yawan kitse a jini, masu shan taba, da masu minsharin da numfashi ke ɗaukewa a barci. Na ce mata, "Likita, ai ni kika lissafa." Ta yi dariya ta ce jijiyata ba ta kumbura ba, don haka ba shi ba ne. Sai dai ta lura bakin jijiyar tawa a matse yake tun halitta, ramin da ke tsakiyarsa ƙarami ne, kuma masu irin wannan ido su ne ciwon ya fi samu. Wannan kuwa ba yadda mutum zai san yana da shi sai an leƙa bayan idonsa.

Ta rubuta mini gwaji biyu: hoton tantanin ido da ake kira OCT, da gwajin faɗin gani. Na'urar hoton asibitin ba ta aiki a makon, sai aka tura ni wata cibiya mai zaman kanta a cikin gari. Can ba layi sosai, amma kuɗi ne: hoton idanu biyu ya tasar wa naira 25,000, gwajin faɗin gani kusan 10,000, kuma na san zuwa yanzu sun ƙaru, don haka a buga waya a tambaya kafin a tafi. Hoton ba ya taɓa ido, ka kalli wani ɗigon haske kawai, cikin mintuna kaɗan an gama. Gwajin faɗin gani ne mai gajiyarwa. A rufe maka ido ɗaya, ka sa kai cikin wani farin ƙoƙo, a ba ka maɓalli a hannu, duk lokacin da ka ga ɗan haske ya ƙyafta a gefe ka danna, kuma ba a yarda ka bi hasken da ido ba. Na riƙa dannawa cikin zullumi har mai aikin ya ce, "Alhaji, kwantar da hankali, ba jarrabawa ba ce," aka sake daga farko. Ka tabbata an ba ka sakamakon a takarda mai launi, ka kuma ɗauki hotonsa a waya.

Da na koma da sakamakon, likitar ta juya mini takardar ta nuna mini. Tantanin idon dama a kwance yake sumul da ɗan lotsawa a tsakiya, na hagu kuwa ya ɗago, ga wani baƙin fili a ƙarƙashinsa. Ta ce ruwa ne ya tsattsafo ya taru a ƙarƙashin tsakiyar tantanin, shi ya sa layi ke lanƙwashewa. Ta sake tsare ni da tambaya a kan dangin steroid: ko ina shan dexamethasone ko prednisolone, ko wani haɗin maganin sanyin ƙashi, ko man shafawa na ƙuraje, ko an yi mini allurar gwiwa, domin su ne kan gaba wajen jawo wannan ruwa, sai kuma yawan damuwa da rashin barci. Ban sha ko ɗaya ba. Ta ce an sha samun rahoton irin wannan a masu shan maganin ƙarfin maza, kuma wani bincike da masana a Kanada suka wallafa a 2022, wanda ya duba bayanan maza sama da 200,000, ya gano masu shan sa a kai a kai sun fi sauran fuskantar taruwar ruwa a tantani, toshewar hanyar jinin ido da ciwon jijiyar nan, ko da yake a jimlace waɗanda abin ke samu kaɗan ne. Na zaci za a rubuta mini tulin magunguna. Ba ta ba ni ko ɗaya ba. Ta ce mafi yawan irin wannan ruwa yana janyewa da kansa cikin wata uku zuwa huɗu, idan ya ƙi sai a yi maganar yi wa idon aiki da hasken leza. Ta ba ni wata takarda mai zanen ƙananan murabba'ai da ɗigo a tsakiya, in manna a bango, kullum in rufe ido ɗaya in kalli ɗigon, idan layukan sun ƙara karkacewa ko wani wuri ya ɓace in dawo ba jiran ranar alƙawari.

Zaman jiran nan ya fi duk layukan asibitin wahala. Kullum da safe ina gaban takardar nan, wata rana in ga kamar da sauƙi, wata rana in ga kamar jiya i yau. A wannan tsakanin na zauna da uwargida na faɗa mata komai. Abin da ta ce shi ne, "Alhaji, idonka ya fi mana komai," kuma ita ta ɗauki kwalbar zumar ta zubar. Na koma wurin likitan suga da wasiƙar likitar ido. Ya sa aka yi mini gwajin matsakaicin suga na wata uku da na kitsen jini, ya gyara mini magunguna, ya mayar da wani maganin hawan jinin daga dare zuwa safe. Na tambaye shi ko in koma tadalafil, tunda na ji ba ya sa ganin shuɗi sosai. Ya ce gaskiya ne bai cika taɓa PDE6 ba, amma gargaɗin jijiyar ido yana kansa shi ma, ga shi yana kai awa 36 yana aiki a jiki, don haka da irin idona canza suna ba mafita ba ce. Muka tsaya a kan rage ƙiba, tafiyar ƙafa da daidaita suga, ya kuma tura ni wurin likitan mafitsara domin a duba sauran hanyoyin da ba na ƙwaya ba.

Hoto na biyu ya nuna ruwan ya ragu sosai, na uku ya nuna ya janye. Idon hagu ya dawo 6/9. Har yanzu idan na gwada su ɗaya bayan ɗaya, launi a hagun ya ɗan fi dusashewa, amma ina karatu ina tuƙi. Idan na haɗa kati, hotuna, gwajin jini da man mota, abin ya haura naira 100,000, mafi yawansa a hoto ya tafi.

Abin da na fito da shi daga wannan yawo, na farko, a rarrabe tsakanin abu biyu. Ganin shuɗi ko ƙyallin haske na ƴan awoyi bayan shan maganin sananne ne, a gaya wa likitan da ya rubuta shi ya duba adadin. Amma gani ya ragu a ido ɗaya, ko wani sashe ya yi duhu, ko layi ya lanƙwashe, ko shuɗin ya wuce yini bai tafi ba, wannan na asibitin ido ne a ranar, ba na kemis ba, kuma kada a ƙara shan ko rabin ƙwaya kafin a je. Haka idan ji ya ɗauke farat ɗaya, ko gaba ya miƙe ya wuce awa huɗu bai kwanta ba. A tafi da kwalayen duk abin da ake sha, har na gargajiya da kofi da alewar da ake cewa na maza ne, a kuma nemi ƴan rakiya su ba da wuri idan za a yi nauyin baki. A ganina kuma, mai suga ko hawan jini da za a rubuta wa wannan magani ya kamata a fara leƙa bayan idonsa, tunda dama ana so mai suga ya yi wannan gwaji duk shekara, kuma kuɗinsa bai kai na hoto ɗaya ba. Wanda a danginsu ake da dundumi na gado, irin wanda gani ke ƙuntata a hankali, ya faɗa wa likita tun kafin a ɗauki biro, domin wasu daga cikin masu wannan ciwo matsalarsu a kan shi PDE6 ɗin take. Wanda kuma ya taɓa rasa gani a ido ɗaya ta dalilin jijiya, likitar ta ce ita ba ta yarda ya kusanci ko wanne daga cikin magungunan nan ba, na kwali ko na kwalba.